AL AIN: GARIN DA AKE NEMAN ƁATACCEN SHAHO DA REDIYO

Duk wanda ya bar birnin Abu Dhabi da asuba ya miƙi hanyar gabas zuwa Al Ain cikin watannin hunturu, da wuya ya kai ƙarshen tafiyarsa bai ga abin da zai ɗaure masa kai ba. Can gefen titi, inda kwalta ta ƙare rairayi ya soma, zai hangi motoci masu manyan tayu a tsaitsaye, ga mutane sanye da fararen riguna har idon sawu. Wannan yana ɗauke da tsuntsu a hannun hagu, wancan kuwa ya ɗaga wani ƙarfe mai haƙarƙari uku sama, yana juyawa da shi sannu sannu, gabas da yamma, kudu da arewa, ya karkata kai yana saurare. In baƙon nan mutumin Kano ne ko Kaduna, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne masu gyaran talabijin ne suka ɓata hanya, domin ƙarfen ba shi da maraba da eriyar da akan kafa bisa rufin gida. Alhali kuwa mafarauta ne, abin da suke saurare kuma shi ne kukan wata 'yar na'ura da ba ta kai ɗan yatsa ba, wadda aka maƙala wa shaho a wutsiya.

Garin Dabino Da Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa

Al Ain yana cikin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wajen kilomita 160 daga Abu Dhabi, kafaɗa da kafaɗa da garin Buraimi na ƙasar Oman. Ma'anar sunan a Larabci ita ce idon ruwa, kuma sunan ya dace da shi. Wanda ya saba jin labarin Dubai da benayenta masu tokare sama zai yi mamakin wannan gari, gama gine-ginensa gajeru ne, itatuwa sun yi wa titunansa layi, a tsakiyarsa kuma ga wani babban dausayi mai itatuwan dabino fiye da 140,000. Mutum ya shiga cikinsa da tsakar rana sai ya ji sanyi ya ratsa shi, ya ji motsin ruwa a ƙananan magudanai da ke bi tsakanin gonaki. Ana kiran wannan dabara falaj, wato a haƙa rami a ƙarƙashin ƙasa tun daga gindin duwatsu a jawo ruwa har cikin gona ba tare da inji ba, kuma masana tarihi sun gano cewa mutanen wannan yanki suna yin haka tun shekaru wajen 3,000 da suka wuce. A 2011 hukumar UNESCO ta sa wuraren tarihi na Al Ain cikin jerin kayan gadon duniya.

Kudu da gari akwai dutsen Hafit, wanda tsayinsa ya haura mita 1,200, an yi masa hanyar mota mai kwana-kwana har ƙololuwa. Daga can bisa ne mutum zai fahimci inda garin yake zaune. Kore ne a tsakiya, sa'an nan jan rairayi ya kewaye shi, tudu bayan tudu, har iyakar ganin ido. Tsuntsun da ya kuɓuce a irin wannan fili ba ya barin sawu, ba kuma manomi ko makiyayi a kusa balle a tambaye shi inda ya nufa.

A nan ne Shaikh Zayed bin Sultan Al Nahyan ya tashi. Ya zama wakilin sarki a Al Ain a 1946, ya hau sarautar Abu Dhabi a 1966, sa'an nan ya zama shugaban ƙasa na farko da aka haɗa daular a 1971, yana kan mulki har rasuwarsa a 2004. Tun yana saurayi aka san shi da son farauta da shaho. Baturen nan ɗan Ingila mai yawon hamada, Wilfred Thesiger, wanda Larabawa suka laƙaba wa Mubarak bin London, ya sauka wurinsa a 1948, daga baya har suka fita farauta tare bisa raƙuma. Hotunan da ya ɗauka suna nan a rataye cikin ganuwar Jahili, wadda aka gina da tubalin ƙasa a shekarun 1890. Mai kallonsu zai ga mazaje masu ƙura a fuska, ƙafa ba takalmi, ko wanne da tsuntsunsa a hannu.

Farautar Neman Nama

A wancan zamani farauta da shaho hanyar neman abinci ce. Larabawan daji, waɗanda ake kira Badawi, suna rayuwa ne bisa dabino da nonon raƙumi da ɗan gurasa, nama kuwa sai an dace. To, ko wace kaka shahuna sukan taso daga tsakiyar Asiya, wajejen Kazakistan da Mongoliya, su biyo ta Tekun Fasha suna gudun sanyi. Sai mafarauci ya ɗana tarko da tattabara ya kama ɗaya, ya horar da shi cikin mako biyu ko uku, ya yi ta farauta da shi duk tsawon hunturu. Abin da ake kamawa shi ne zomo, da wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu da suke kira karawan, da kuma hubara, wanda ɗan'uwan tuje ne amma bai kai shi girma ba. Idan bazara ta shigo zafi ya tsananta, sai a kwance wa shahon igiya a sake shi ya koma inda ya fito, domin ba mai naman ciyar da shi a watannin da ba farauta.

Iri biyu suka fi daraja a wurinsu. Akwai wanda suke kira hur, mai jimiri da haƙuri da wahalar hamada, akwai kuma shahin, wanda ba tsuntsun da ya kai shi gudu, don in ya dunƙule fikafikai ya sulmiyo daga sama yakan wuce kilomita 300 a awa. Mace ta fi namiji girma da wajen kashi ɗaya cikin uku, saboda haka ita aka fi nema. Almajiran ƙasar nan da suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid sun riga sun ci karo da wannan sana'a a babin yanka da farauta, inda aka yi bayanin halaccin cin abin da horarren kare ko horarren tsuntsu ya kama wa mai shi, ko da yake mafi yawansu ba su taɓa ganin an yi ba.

Kayan aikin ba su da yawa, har yau kuma ba su sauya ba. Akwai 'yar hular fata da ake rufe wa tsuntsun ido don ya natsu, sunanta burƙa. Akwai wani zagayayyen hannun riga mai kauri da mafarauci ke zura hannu ciki don kada farce ya huda shi, shi ake kira mangala, sai dai ba ta jaki ba. Akwai turken da tsuntsun ke zama a kai, da igiyoyin ƙafa, da kuma tilwa, wato fikafikan hubara da aka ɗaure wuri guda a bakin igiya, ana wulwula su don a kira shi.

Ranar Da Ake Kwance Igiya

Duk ɗan koyo yana da rana guda da yake ɗoki yake kuma tsoro. Kafin ta zo, ya yi kwana da kwanaki yana ɗauke da tsuntsun a hannu, cikin gida da majalisa da kasuwa, yana shafa shi yana kiran sunansa, har ya saba da muryarsa ya yarda ya ci nama a hannunsa. Ya koya masa tsalle daga turke zuwa hannu, daga taku ɗaya zuwa taku goma, sa'an nan zuwa taku ɗari, amma duk wannan da doguwar igiya a ƙafarsa. Ranar da za a cire igiyar nan, ba sauran abin da ya haɗa mutum da tsuntsu sai sabo da yunwa.

Masu karatu su sani shaho ba kare ba ne. Ba ya komowa don ƙauna, ba ya jin tsawa, ba a kuma hora shi da duka. Yana komowa ne domin ya koyi cewa abinci mafi sauƙi yana hannun wannan mutum. Shi ya sa ko wace safiya ake ɗora shi a sikeli a rubuta nauyinsa. Macen hur takan kai kilo ɗaya ko ta ɗara, kuma 'yan giram kaɗan su ne tsakanin tsuntsun da zai amsa kira da wanda zai yi kunnen uwar shegu. In ya yi ƙiba, sai ya hau iska ya yi gaba abinsa. In aka matsa masa da yunwa, sai ya rasa ƙarfin tashi, ciwo ya samu ƙofa. Gwani yakan gane wannan da shafa ƙirjin tsuntsu kawai, amma ɗan koyo sai ya yi kuskure sau da dama kafin hannunsa ya san abin.

Ko gwanin ma ba ya tsira. Iska tana iya juyawa, gaggafa tana iya bayyana ta razana shi, ko kuwa ya hangi tattabara can nesa inda idon ɗan Adam bai kai ba, ya bi ta. Cikin minti goma ya yi nisa ƙwarai. A da, mutanen Turai da na Indiya sukan ɗaura wa shaho ƙararrawa a ƙafa, sai dai ƙararta ba ta wuce 'yan ɗaruruwan taku. Badawi kuwa ya dogara ne ga idonsa da sanin iska da sawun hubara a rairayi, ya hau tudu ya yi ta kira yana wulwula tilwa har rana ta faɗi. Da yawa sun koma gida hannu rabbana. Amma a lokacin nan asarar ba ta kai ta yau ba, gama tsuntsun daji ne ya koma daji. Yau kuwa mafi yawan shahunan da ke hannun mutane a wannan ƙasa a gidajen kiwo aka ƙyanƙyashe su, a Ingila da Sifen da nan cikin daular, wasu ma haɗin iri biyu ne. Akwai wanda kuɗinsa ya fi na sabuwar mota, kuma in ya ɓace bai iya neman abinci da kansa ba, ga zafin da jikinsa bai saba da shi ba.

Yadda Rediyon Yake Aiki

Dabarar bin sawun dabba da rediyo ta fito ne daga masu binciken namun daji. Wasu tagwaye 'yan Amurka, Frank da John Craighead, waɗanda su kansu masu farauta da shaho ne tun suna samari, suna cikin na farko da suka gwada ta, sa'ad da suka rataya wa wata dabba mai suna beyar na'ura a wuya a gandun Yellowstone a 1961. Da na'urorin suka yi ta ƙanƙancewa, sai masu shaho suka karɓe su a shekarun 1970. Ita kuwa eriyar mai haƙarƙari ta girme su duka, domin wasu malamai biyu na jami'ar Tohoku a Japan, Yagi da Uda, su suka ƙago ta a 1926, har yau kuma da sunan Yagi ake kiranta.

Kayan kashi uku ne. Na farko ita ce tiransimita, 'yar ƙarama mai nauyin giram kaɗan, da batir irin na agogon hannu da wata siririyar waya a bayanta. Ana maƙala ta a gindin gashin tsakiyar wutsiya, ko a ɗaura a ƙafa, ko a goya wa tsuntsun a baya da siririn zare. Ƙa'idar da masana suka bi ita ce kada nauyinta ya wuce kashi 3 cikin 100 na nauyin tsuntsun. Ba ta magana, ba ta kiɗa, abin da take yi kawai shi ne ta riƙa aika ɗan sauti, ƙit, ƙit, ƙit, kusan sau ɗaya ko wane sakan. Na biyu shi ne akwatin saurare, wanda ake murɗawa zuwa zangon da tiransimitar take, kamar yadda mai rediyo ke neman tasha. Ko wace ƙasa da zangon da hukumarta ta yarda a yi amfani da shi, amma waɗanda suka fi yaɗuwa su ne megahaz 173 da 216 da 434. Na uku ita ce eriya, wadda amfaninta shi ne ta fi jin sauti daga inda aka nuna bakinta.

Saboda haka mai nema yakan ɗaga eriya ya juya da ita zagaye guda cikakke, ya lura da inda sautin ya fi ƙarfi. Sa'an nan ya rage ƙarfin akwatin har sai ya zama daga fuska ɗaya tak yake jin kukan, nan ne alƙiblar tsuntsunsa. Idan mutum biyu suka tsaya a wurare dabam dabam, ko wanne ya ja layi zuwa inda ya ji, to inda layukan suka gamu nan tsuntsun yake. Nisan da ake ji ya danganta ga inda shahon yake. In yana sama babu abin da ya shiga tsakani, ana iya jinsa daga kilomita gommai. In ya sauka ƙasa bayan tudun rairayi ya duƙufa bisa abin da ya kama, sai sautin ya dushe, wata sa'a ko kilomita biyu ba za a ji shi ba.

Kurakuran Ɗan Koyo

A kan hanyar Abu Dhabi, kafin a shiga Al Ain, akwai wani wuri da ake kira Remah. A nan aka buɗe makarantar Mohamed bin Zayed ta koyar da farauta da shaho da sanin halin hamada a 2016, inda yara maza da mata ke koyon riƙon tsuntsu da karanta sawu da ladubban majalisa. Amma ko a makaranta yaro ya koya ko a gindin mahaifinsa, masu sana'ar sun haɗu a kan magana guda, cewa ranar da tsuntsu ya ɓace ba ita ce ranar koyon rediyo ba. Don haka kafin a bar ɗan koyo ya kwance igiya, akan ɗauki tiransimitar a kai ta nesa a ɓoye, yau a gindin itace, gobe a bayan tudu, jibi a cikin mota mai tafiya, a ce ya nemo. Sai ya yi haka har kunnensa ya san bambancin sautin nesa da na kusa.

Kuskure na farko da yakan yi shi ne ya bi hanya ta baya. Eriya tana ɗan jin sauti ta ƙeyarta, saboda haka wanda bai juya zagaye cikakke ba yana iya tasam ma yamma alhali tsuntsunsa yana gabas. Na biyu shi ne ya bar akwatin a buɗe da dukkan ƙarfinsa bayan ya matso kusa, sai ya ji kuka ta ko'ina ya rasa ta inda zai bi. Na uku shi ne ya manta cewa sautin rediyo yana dukan dutse ko bangon ƙarfe ya dawo kamar amsa-kuwwa, ta yadda mai nema a kusa da dutsen Hafit zai iya rantsewa tsuntsunsa yana kan dutsen alhali yana fili. Maganin wannan shi ne a matsa wani wuri a sake aunawa. Na huɗu, wanda ya fi duka ban haushi, shi ne a saki tsuntsu ba a kunna na'urar ba, ko da batir da ya kusa mutuwa. Shi ya sa mai hankali ba ya cire wa shaho hula sai ya ji ƙit, ƙit a akwatinsa, da yawa kuma sukan sa tiransimita biyu, ɗaya a wutsiya ɗaya a ƙafa, domin gashin wutsiya yana iya tugewa ya faɗi da na'urar.

Ga yadda abin yakan kasance. Da la'asar sakaliya an saki tsuntsu, ya yi zagaye biyu bisa kan mai tilwa, a na uku sai ya ƙi saukowa, ya yi sama, ya zama ɗigo, ya ɓace. Ɗan koyo jikinsa na rawa zai so ya faɗa mota ya bi inda ya ga ya nufa. Dattijon da ke tare da shi yakan tsai da shi, ya sa a kashe injin mota don ƙararsa tana dagula sauti, su hau tudu mafi tsawo su saurara. In sautin yana ƙaruwa yana raguwa, tsuntsun yana sama yana shawagi. In ya tsaya daram, ya sauka. In babu sauti ko kaɗan, sai a juya eriyar a tsaye, a juya ta a kwance, sa'an nan a bi inda iska ta nufa, ana tsayawa bisa ko wane tudu. Dare abokin mai nema ne, domin shaho ba ya tafiya cikin duhu, inda magariba ta same shi nan yake kwana. Abin da ake so shi ne a isa kusa da shi kafin gari ya waye, a jira da tilwa da nama a hannu. In aka makara ya tashi, sai a sake sabon lale, ga batir yana ƙarewa, ga yanyawa da mujiya, ga turakun lantarki da kan kashe tsuntsun da ya sauka a kansu.

Cikin shekarun 2010 an samu ƙarin sauƙi, da aka fito da na'urori masu amfani da GPS, waɗanda ke nuna wa mutum a fuskar wayarsa inda tsuntsun yake bisa taswira, da tsayin da ya kai da gudun da yake yi. Duk da haka ba a yar da tsohuwar eriya ba, saboda sabuwar na'urar ta fi cin batir, in ta yi shiru kuwa sai a koma ga ƙit, ƙit ɗin nan. Dattawan sana'ar suna da ƙorafinsu a kan duka biyun. A ganinsu yaran yanzu sun fi duban waya a kan duban tsuntsu, kuma na'ura tana sa mutum ya saki shahon da bai gama horuwa ba, yana taƙama zai same shi. Suna da gaskiya a nan, domin rediyo yana kai mutum gindin itacen da tsuntsun yake ne kawai. Saukowarsa kuwa sai in an yi aikin sikeli da na sabo yadda ya kamata.

Asibitin Shahuna Da Fasfo

Tsuntsun da aka samo bayan kwana biyu ko uku a daji yakan komo a rame, wata sa'a da karyayyen gashi. Irin wannan ana kai shi asibitin shahuna na Abu Dhabi, kusa da filin jirgin sama, wanda aka buɗe a 1999, kuma yana duba dubban tsuntsaye ko wace shekara. Ɗakin jiransa abin kallo ne, ga shahuna a jere bisa dogayen turaku, ko wanne da hularsa, shiru kamar almajirai gaban malam. Ana sa musu maganin barci a yanke farce, a gyara baki, a duba huhu saboda wani ciwon funfuna da ke yawan kama su. In gashin fiffike ya karye, sai a buɗe durowa a zaɓo irinsa daga waɗanda aka adana, a soka siririn tsinke a haɗa shi da kututturen tsohon a manne. Tun 2002 kuma ko wane shaho da zai ƙetare iyaka yana da fasfo nasa, mai ɗauke da lambar zoben da ke ƙafarsa, don a toshe hanyar masu fasa-ƙwaurin tsuntsayen daji. Da wannan fasfo ne yake shiga jirgin sama ya zauna kusa da mai shi.

Abin Da Hubara Ya Biya

Sauƙin nan da aka samu akwai wanda ya biya kuɗinsa. A zamanin raƙumi, mafarauci yana jin tsoron sakin tsuntsunsa nesa, kuma abin da zai kama a yini bai taka kara ya karya ba. Da mota mai shiga rairayi ta zo, rediyo ya biyo baya, kuɗin man fetur kuma ya yawaita, sai ayarin farauta ya zama mai iya share fili mai faɗi cikin kwanaki kaɗan. Hubara ya yi ƙaranci a yankin Larabawa, aka hana farautarsa barkatai a daular, sai masu hali suka riƙa fita waje, zuwa Pakistan da Maroko da tsakiyar Asiya. A Pakistan maganar ta kai har Kotun Ƙoli, wadda ta hana farautar a 2015, ta kuma janye hanin a 2016. Maƙwabtanmu ma abin ya shafe su, gama manyan baƙi daga ƙasashen Larabawa sun sha shiga gabashin Jamhuriyar Nijar da ayarin motoci suna farautar tuje da barewa, har masu kula da namun daji suka yi ta kokawa. A 2012 Gwamnatin Nijar ta keɓe yankin Termit da Tin Tumma ya zama gandun da doka ta tsare.

Shaikh Zayed ya hangi wannan tun da wuri. A 1976 ya tara masu shaho da masana daga ƙasashe dabam dabam a Abu Dhabi don a tattauna makomar sana'ar. A 1977 aka fara gwada kiwon hubara a gidan namun daji na Al Ain, amma sai a 1982 aka samu ɗan tsako na farko. Daga wannan ƙaramin mafari ne aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye a Sweihan a 1989, da wata a Missour ta Maroko a 1995, yanzu kuwa dubbai ake ƙyanƙyashewa ko wace shekara ana saki. Masana ba su daina gardama ba a kan ko tsuntsun da aka yi kiwo a keji zai maye gurbin na daji. A 1995 ɗin dai aka soma shirin mayar da shahunan daji ƙasashensu, ana ɗaukarsu a jirgi zuwa Pakistan da Kazakistan a sake su, kuma adadin waɗanda aka saki ya haura 2,000. Wasunsu ana goya musu na'urar da tauraron ɗan Adam ke bi, don a san ko sun rayu da hanyar da suka bi. A Mongoliya kuma an kafa sheƙunan hannu 5,000 a 2010 don hur ya samu wurin ƙwai. Hausawa dai sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Su kuwa talakawan masu shaho, waɗanda ba su da halin fita waje, an buɗe musu wata ƙofa. Akwai gandun Marzum a yammacin Abu Dhabi, wanda aka buɗe a 2015, inda ake farautar hubaran kiwo bisa ƙa'ida. Akwai kuma tsere, inda ake sakin tsuntsu ya ci mita 400 zuwa wurin mai tilwa, gwanayen cikinsu kuwa ba sa kai sakan 20. A 2010 UNESCO ta amince da farauta da shaho cikin al'adun gado na 'yan Adam bisa roƙon ƙasashe 11, zuwa 2021 sun zama 24.

Da magariba motocin nan da aka gani da asuba sukan taru wuri guda a gindin tudu. A shimfiɗa darduma, a hura wuta, a yi salla, a zuba gahawa a ƙananan kofuna, shahuna kuma suna gefe bisa turakunsu, ko wanne ya ci rabonsa an mayar masa da hula. Ɗan koyon da tsuntsunsa ya komo lafiya ba a barinsa ya zauna tukuna. Sai ya cire tiransimitar ya kashe ta, ya duba wayarta ko ta lanƙwashe, ya rubuta awoyin da batirin ya yi aiki da nauyin naman da tsuntsun ya ci, domin gobe da asuba za a sake ɗora shi a sikeli. Wanda nasa bai komo ba kuwa ba ya wurin. Shi da dattijonsa suna can bisa wani tudu cikin duhu, an kashe mota, an ɗaga eriya sama, suna saurare. Allah ya sa su dace.